Zuwa ga aminina Habu, kan maganar kumurcin nan

Ringim, Jihar Jigawa

Assalamu alaikum, Malam Habu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya Legas? Mu nan sai godiyar Allah, an shiga girbin gero.

Saƙonka ya iso, har da hoton akwatin gilashin da ka saya za ka ajiye kumurci a ɗaki, irin yadda kake ganin Turawa suna yi a YouTube. Wallahi tun da na gani hankalina bai kwanta ba.

Ka ce ai gardawa suna wasa da su ba abin da ke samunsu. Ran kasuwa na matsa kusa da wani gardi, ya buɗe bakin macijinsa da tsinke: haƙoran dafin a karye suke, sai dasashi. To amma maciji yakan sake fitar da sabbi, wannan kuwa ba ya faɗa wa 'yan kallo. Kuma kumurci ba sai ya sare ka ba. Daga nesa yake feso dafi cikin ido, in ba a wanke da ruwa mai yawa nan take ba, idon na iya tafiya. Habu, 'yarka fa yanzu ta fara rarrafe. Ran da aka kuskure murfin nan bai rufu ba fa?

Ita kuwa kububuwa da ka ce za ka ƙaro don ƙarama ce, ta fi ba ni tsoro. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Bara ta sari ɗan maƙwabcinmu yana ɗaure dami, ya dawo gida da ƙafarsa yana cewa ba komai. Washegari jini ta dasashi, har tsohon miki ya ɓalle. Ɗaure ƙafa da igiya, tsaga, baƙin dutse, duk an yi, ba abin da ya tsaya sai da aka samo allurar kashe dafi, bayan uban ya sayar da awakinsa. Allurar nan tsada gare ta, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Shi ya sa mutane ke ɗaukar marasa lafiya har Kaltungo a Jihar Gombe, inda ake da asibitin masu saran maciji. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. Turawan ma da kake kallo, a Ingila dokar 1976 ta hana ajiye irin waɗannan macizai sai da lasisi.

Don Allah ka fasa. In kiwon ne ke ranka, tantabarun da ka bari sun cika ɗakinsu, Sani zai taho Legas bayan girbi, sai in haɗo maka da su.

Ka gaida uwargida da yara. Inna ma tana gaishe ka.

Naka,
Musa