Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Jihar Damagaram kan 'Yan Banga Masu Bindiga

Mai girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya taya ka riƙo, ina rubuto maka ne kan maganar da ke ƙara ƙarfi a fadodin matasa da majalisun dattawa a nan Zinder, cewa tunda sojoji da jandarmomi ba za su iya zama a kowane ƙauye ba, to a bar jama'a su kafa ƙungiyoyin banga, su nemi bindigogi su tsare kansu. Masu wannan magana suna da dalilin fargaba, domin manomin Matamaye ko Magarya da ke jin labarin satar shanu da garkuwa da mutane a yankin Madarunfa ba zai yi barci da ido biyu rufe ba. Duk da haka ina roƙonka ka tsaya tsayin daka kada wannan ƙofa ta buɗe a jiharmu.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A Zamfara, 'yan sa-kai sun fara ne da sunan farautar ɓarayi, sai suka koma kashe Fulani a kasuwanni ba bincike ba shari'a, kuma da yawa daga dangin waɗanda aka kashe suka shiga daji da niyyar ramuwa, abin da har yau bai lafa ba. A Mali, a watan Maris na 2019, an kashe mutum fiye da 150 a ƙauyen Ogosagu, aka ɗora alhakin a kan mafarautan Dan Na Ambassagou, waɗanda su ma da sunan kare ƙauyuka suka taso. Sudan ta fi kowa shan wuya: gwamnatin al-Bashir ce ta mayar da 'yan bindigar Janjawid na yankin Darfur rundunar RSF a 2013, kuma rundunar ce ta juyo da makamanta kan sojojin ƙasar a Afrilun 2023.

Ko da an ce banga ba za su ci zarafin kowa ba, bindigar ba ta ba su kariyar da ake zato. Mun ga abin da ya faru a Banibangu ta jihar Tillaberi a Nuwamban 2021, inda magajin gari ya jagoranci 'yan sintiri suka bi sawun 'yan ta'adda, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka rasu har da shi kansa. Jarumta ba ta gaza musu ba, Allah ya jiƙansu. Horo da kayan aiki da bayanan sirri ne babu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yanayin Damagaram ita kanta. Kowace kaka, lokacin da dabbobi ke gangarowa daga Tanut da Belbeji kafin a gama kwashe amfanin gona, sai an samu saɓani kan burtali da ɓarna, amma galibi a gaban mai gari ko hakimi ake kashe wutar, a biya diyya a watse. Ranar da ɗaya ɓangaren ya riƙe bindiga da izinin hukuma, ɗayan ma zai saya, kuma wannan zaman sulhun ya ƙare. Kisan makiyaya da aka yi a Toda ta jihar Maraɗi a 1991 ya isa ya nuna mana inda irin wannan rigima ke kaiwa. Ga kuma matasan birni marasa aikin yi, waɗanda aka daɗe ana lallashi su ajiye adda da wuƙa; su ne za su fara cika layin rajista.

Don haka, ranka ya daɗe, ina roƙon ka fito fili ka bayyana cewa duk wani kwamitin sintiri a jihar nan aikinsa sa ido ne da kai rahoto, ba kama mutum ko hukunta shi ba. A rubuta sunayen membobinsa a wurin hakimi da jandarmomin yankin, a kuma tabbatar akwai manomi da makiyayi a cikinsa, Bahaushe da Bafulatani da Buzu da Babarbare da Tubu. Rahoton kuwa ba shi da amfani sai jami'ai sun iso da wuri, saboda haka a ƙarfafa sansanonin kan iyaka da motoci da mai. Matashin da ke son riƙe makami don ƙasarsa, a sauƙaƙa masa shiga soja ko jandarma, inda akwai horo da albashi da shugaban da za a tuhuma idan an yi laifi. Mai Martaba Sarkin Damagaram da malamanmu za su mara maka baya idan ka nemi su isar da wannan saƙo a masallatai da gidajen rediyo kafin kaka ta zo.

Wassalam,
Wani malamin makaranta mai ritaya, unguwar Birni, Zinder.