Rahoton Ayyukan Shekarar 1446: Kwamitin Tallafa wa Ɗalibai Masu Buƙata ta Musamman, Madina

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

An yi tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, ban da na Ramadan da na lokacin hutu.

Bari in fara da na'urar rubutun makafi ta Perkins, tunda ita ake tare ni da tambaya a kanta har a ƙofar masallaci. Ba a saya ba. Kuma ba wanda ya ci kuɗin, littafin Ma'aji yana nan ga duk mai son dubawa. Mun yi lissafi bisa riyal 10 da kowa ya ɗaga hannu ya amince zai riƙa bayarwa duk wata, sai ga shi waɗanda suka cika alkawari ba su kai rabi ba. Ranar da mukafa'a (alawus ɗin ɗalibai na wata) ta shigo, wayar mutum a kashe. Na gaji da hawa benen sakan (masaukin ɗalibai) ina ƙwanƙwasa ƙofa kamar mai bin bashi. Ɗan abin da ya taru mun gyara keken guragu biyu da shi, muka sayi sandunan jagora.

Aikin naɗar muzakkirori (takardun darussa) a murya ma ya tsaya a Nahawu da Musɗalahul Hadisi. Manhajar NVDA, mai karanta wa makafi rubutun kwamfuta da murya, kyauta ce kuma tana karanta Larabci, amma idan malam ya ba da littafi da aka ɗauki hotonsa, ba ta ganin komai, dole mutum ya zauna ya karanta da bakinsa. Mutum huɗu ne ke wannan aiki, su ma suna da jarrabawa. A zauren WhatsApp kuwa, "Allah ya saka da alheri" ba ta yankewa.

Sai Umrar Sha'aban, wadda ta wanke mana zuciya. Mun tashi da mota ɗaya bayan La'asar, muka yi harama a Abyar Ali, kowane makaho da ɗan jagoransa, kowane mai keke da mai tura shi. Wani ya ba da shawarar mu yi hayar keken lantarki na Harami, samari suka ce atafau, da hannunsu za su tura, suka kuwa yi safa da marwa bakwai suna karɓa-karɓa, gumi sharkaf. Hausawa mazauna Makka suka tarbe mu da tuwo miyar kuka, wata dattijuwa tana ta cewa, "Ku ci, 'ya'yana, ai karatu sai da ciki."

Bayan aski, can tsakar dare da cunkoso ya ragu, muka koma Harami da ɗan'uwanmu makaho na shekarar farko. Ya ce, "Malam, tana ina?" Na juya kafaɗunsa, muka kutsa a hankali har ya ɗora tafinsa a kan rigar Ka'aba. Ya daɗe yana bin saƙar da yatsu, sannan ya ce, "Ashe akwai rubutu a jiki." Ba wanda ya iya ba shi amsa. Ma'aji da ake ce wa mai taurin zuciya, shi ya fara share hawaye.

Zangon karatu mai zuwa muna jiran sababbin ɗalibai, kuma ana buƙatar masu raka su asibiti da wajen yin iƙama (katin izinin zama). Takardar sunaye tana hannuna. Masu bashin wata uku zuwa sama, ku ga Ma'aji kafin Juma'a, don kada a ce na karanta sunaye a taro.

Wassalam,
Sakatare