Gafarar Allah kyauta ce, amma a mayar wa mutane haƙƙinsu

Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi gyara a kan wata magana da ta zama ruwan dare a garin nan na Kaduna, a teburin mai shayi, cikin motar haya, har a bakin waɗansu 'yan ikkilisiya. Cewa ake yi, tunda Kirista sun gaskata Yesu Almasihu ya biya bashin zunubi, mutum na iya cin kuɗin wani ran Asabar, ya je sujada ran Lahadi, shi ke nan an wuce wurin. Wannan ba koyarwar Littafi Mai Tsarki ba ce, kuma yana damunmu ƙwarai yadda maciya amana suke fakewa da ita.

Ruɗanin daga kalmar ya faro. A Hausarmu ta yau da kullum, alheri abu ne da ake sa ran zai dawo wa mai shi, shi ya sa ake cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Amma a Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito a 1932, wata sabuwa kuma a 1979, alheri shi ne abin da Allah ya yi wa wanda bai cancanta ba, wanda kuma ba shi da abin sāka masa. Manzo Bulus ya raba lada da kyauta a Romawa 4:4: lebura in an biya shi, guminsa aka ba shi, ba alfarma aka yi masa ba. Ceto kuwa kyauta ne ta wurin bangaskiya, domin kada kowa ya yi fariya (Afisawa 2:8-9). A dubi ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu. Hannuwansa a ɗaure suke a kan gungume, bai yi baftisma ba, bai kai baiko ba, wato kyautar da ake miƙa wa Allah a wurin sujada, ba shi da halin mayar da ko anini. Ya amsa laifinsa, ya roƙa, aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Wannan shi ne tushe, ba ma rage komai daga cikinsa. Duk mai wa'azin da ya ce sai ka sa kuɗi kaza a ambulan kafin Allah ya gafarta maka, ciniki yake yi, irin cinikin da Martin Luther, jagoran gyaran ikkilisiya a Jamus, ya yi tir da shi a 1517.

To, amma ɓarawon nan mutuwa yake yi. Wanda yake da rai da ƙafafu, misalinsa Zakka ne, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, wanda ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, duk wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu (Luka 19:8). Yesu ya shiga gidansa tun kafin ya yi wannan alkawari. Alherin ne ya riga, biyan ya biyo baya a matsayin shaida. Bulus ma ya san za a murɗe maganarsa, shi ya sa a Romawa 6 ya yi tambaya ko mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru, ya kuma amsa da cewa sam.

Tuba tana farawa ne da kiran zunubi da sunansa. "In akwai inda na yi kuskure a yafe mini" ba furci ba ne, kauce wa magana ne. 'Yan Katolika suna yin ikirari a gaban Fada, aƙalla sau ɗaya a shekara ga mai babban zunubi, Fada kuma ba shi da izinin bayyana abin da ya ji ko da za a kashe shi. A ikkilisiyoyin ECWA, HEKAN da Baftis mutum yakan furta wa Allah kai tsaye bisa ga 1 Yahaya 1:9, sai in laifin ya shafi jama'a a kai shi gaban fasto da dattawa. Hanya ta bambanta, amma babu ɗaya daga cikinsu da ta ce a riƙe kayan mutane.

A nan ne aka fi zamewa. Littafin Firistoci 6:1-7 ya lissafa ajiya, jingina, ƙwace da tsintuwar da aka yi musu, ya ce a mayar da ainihin abin, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sa'an nan a kawo hadaya. A lura da jerin: mai haƙƙi tukuna, bagade daga baya. Yesu ya bi wannan jeri a Matiyu 5:23-24, inda ya ce ka ajiye baikonka, ka je ka shirya da ɗan'uwanka, sa'an nan ka dawo. A ce uwar adashe ta cinye kwasar wata mata, Naira 200,000. A wancan lissafi 240,000 za ta mayar. Ba mu ce wannan ƙari doka ce a kan Kirista ba, amma hikimarsa a fili take, don kuɗin da aka riƙe shekara uku ba zai sayi buhunan masarar da zai saya a da ba. In ba ta da shi a dunƙule, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu, a faɗi nawa ne kowane wata da ranar gamawa, don alkawarin baki kan mutu a wata na biyu. In mai kuɗin ta rasu, magadanta ake ba. Mai awon da ya daɗe yana sayar da hatsi da bugaggen mudu ba zai iya nemo duk wanda ya tauye ba. Ya fara da canja mudun, ya ƙiyasta abin da ya ci, ya kai wa gwauraye da marayu a ɓoye, ba ranar godiya ta shekara ba inda za a kira sunansa a tafa masa. Wanda kuma ya ɓata sunan wani a zauren WhatsApp, a zauren nan zai janye maganar, ba a bayan ɗaki ba.

Wanda aka cuta shi ma da nasa nauyin. A misalin Matiyu 18, sarki ya yafe wa bawansa talanti 10,000, shi kuwa ya shaƙe ɗan'uwansa saboda dinari 100. Dinari ladan yini ɗaya ne, talanti ɗaya kuwa kimanin dinari 6,000, wato an yafe masa ladan kwana miliyan 60, ya kasa yafe na wata uku da 'yan kwanaki. Don haka Kirista ba shi da izinin ramuwa. Garin nan ya ga hakan a aikace wurin Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa a rikici, da Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, suka haɗu a 1995 suka kama aikin sulhu tare.

Sai dai yafewa daban, amincewa daban, shari'a kuma daban, haɗa su ne yake jawo ɓarna mafi muni. Ma'ajin da ya ci kuɗin ikkilisiya za a yafe masa, amma ba za a mayar masa da makulli ba. An gafarta wa Dawuda a 2 Sama'ila 12, duk da haka sakamakon laifinsa bai bar gidansa ba. In an yi wa yarinya fyaɗe, laifi ne babba dattawa su tara iyayenta su ce a rufe maganar da sunan alheri. A kai ta asibiti kafin awa 72 su cika domin a ba ta maganin kariya daga cutar ƙanjamau, a kuma sanar da 'yan sanda, gama Romawa 13:4 ta ba hukuma ikon hukunta mai mugunta. Yafewar zuciya za ta zo a lokacinta, ba a tatsar ta daga bakin mai kuka.

A sauran saɓani, Matiyu 18:15-17 ya tsara hanya: ku biyu kaɗai, in ya ƙi ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a gaya wa ikkilisiya. Yawanci daga ƙarshe muke farowa, sai mai laifi ya kafe don kare mutuncinsa. In kuma an sa mutum ƙarƙashin horo, a gaya masa abin da ake jira ya yi da ranar da za a sake duba maganarsa, domin 2 Korantiyawa 2:6-8 ta ce a karɓi wanda ya tuba kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Roƙonmu ga fastoci shi ne su riƙa sanar da ranar Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, mako guda kafin ta zo, domin mai riƙe da haƙƙin wani ya sami damar mayarwa, su kuma keɓe dattawa biyu da za su raka duk mai son zuwa ya biya bashi amma kunya ta hana shi.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Daga waɗansu dattawan ikkilisiya,
Sabon Tasha, Kaduna.