Wasiƙa zuwa ga Ummi a kan ciwon gwiwa da suga

Assalamu alaikum Ummi,

Da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yaran. Na ga sakamakon gwajin da kika turo. Sugan ya ɗan haura, hawan jini ma ya fara leƙowa. A ƙarshen saƙon kuma kika ce gwiwarki ta dama na miki ciwo in kina hawa bene, wai sanyin damina ne. Wannan da kika raina ita ta sa na zauna rubuto miki, domin abubuwan nan uku tushensu ɗaya.

Lokacin da nake aikin jinya, abin da muka sani game da amosanin gaɓɓai shi ne ciwon tsufa ne: guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙashi ya cinye, ƙashi ya riƙa gogar ɗan'uwansa. Ƙiba kuwa laifinta nauyi kawai. Batun nauyin gaskiya ne, don kowane kilo 1 da kika ƙara, gwiwa na jin kusan kilo 4 a duk taku. Amma likitoci sun lura masu ƙiba sun fi kamuwa da amosanin har a yatsun hannu, alhali ba wanda ke tafiya da hannu. Ashe kitse, musamman na ciki, ba ya zama shiru inda ya taru. Yana zuba wasu sinadarai cikin jini, irin su leptin, masu hura kumburi a hankali a ko'ina cikin jiki, har cikin gaɓa. Suga in ya daɗe da yawa a jini yakan manne wa zaren da guringuntsi ya ginu a kai, sai ya yi tauri, danƙonsa ya tafi, ya fara tsattsagewa. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne guringuntsi ba shi da jijiyar jini. Ruwan cikin gaɓa ne ke ciyar da shi, shi ma sai ana motsa ƙafar. In ya cinye ba ya sake tsirowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da wannan ciwo, kashi 60 cikin 100 mu ne mata. Ba sai na kai ki nesa ba. Ki duba sahun mata a tarawihi, ki ƙirga kujeru. Addini ya yi musu rangwame, alhamdu lillahi, amma ki tambayi kowacce a cikinsu, za ta ce miki da za ta samu ta kai goshinta ƙasa ta zauna tahiya kamar da, da ta fi so. Wasunsu ba su fi ki da shekara 15 ba.

Na san mutanenmu. Mace ta yi jiki a ce miji ya iya kiwo, ta rame a ce tana cikin wahala. Kada wannan surutu ya ja ki, balle ki kusanci magungunan ƙiba irin su sha-ka-fashe. Wasunsu suna tayar da suga, suna kuma raunana ƙashi.

Abin farin cikin shi ne ba sai kin koma kamar lokacin 'yanmatancinki ba. A binciken garin Framingham na Amurka da aka fitar a 1992, matan da suka sauke kimanin kilo 5 cikin shekara 10, haɗarin kamuwarsu da amosanin gwiwa ya ragu da fiye da rabi. Kilo 5 fa, Ummi. Ki ɗauki tef ɗin tela ki auna ƙugunki daidai cibiya. In ya wuce santimita 80, akwai aiki a gabanki. Ki fara da lemun kwalba, ki sallame shi gaba ɗaya. Shayin safe ki rage masa suga, furar ma haka. Tuwon shinkafa da burodi su ja baya, dawa da gero da acha da wake su shigo, ki rage malmala ki yawaita ganye, zogale da rama da alayyahu. Man miya ma ki ja masa hannu.

Kada ki ce za ki hutar da gwiwar da zama. Zaman ne ke kashe naman cinya, shi kuwa naman cinya shi ke tallafe da gwiwa. Tafiyar minti 30 sau 5 a mako ta wadatar, ko da zagayen unguwa ne bayan asuba ke da maƙwabciyarki. In kina zaune a kujera ki riƙa miƙe ƙafar ki riƙe ta na ɗan lokaci, ki sauke, ki maimaita.

Roƙona na ƙarshe, ki daina aika yara kemis sayo diclofenac duk sanda ta motsa. Yana kwantar da ciwo, amma yawan shansa na taɓa ƙoda da ciki, yana kuma ƙara hawan jini. In kin koma wurin likitan suga ki faɗa masa zancen gwiwar, ya duba ta a rana ɗaya. In kuwa ta kumbura ta yi zafi, kada ki jira ranar da ya ba ki.

Ki turo min awon ƙugun a makon nan. Ki gaida maigidan, ki shafa min kan yaran. Allah ya yi miki albarka, ya ƙara lafiya.

Mahaifiyarki