Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Abuja Kan Unguwar Masana'antu Ta Idu

Mai girma Minista, Barista Nyesom Wike, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna so mu jawo hankalinka ga Idu, yankin da aka ware wa masana'antu a yammacin Abuja, maƙwabcin Karmo da Gwagwa. A nan tashar jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna take, layin kilomita 186 da aka buɗe a 2016, a nan kuma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD take. Fili akwai, dogo akwai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wutar da za a dogara da ita.

Ɗaukewar wuta ta minti biyar wasa ce a gida, a masana'anta kuwa asara ce. Injin da ke narka roba yana fitar da bututu ko leda, da zarar ya tsaya, robar sai ta fara daskarewa a cikinsa. Sai an sake ɗumama shi, a zubar da abin da ya lalace, a daidaita kaurin kaya daga farko. Wutar da ta zo da rauni ta ma fi ɓarna, domin tana sa motar lantarkin da ke juya inji ta ja wuta fiye da kima har wayarta ta ƙone. In aka koma janareta, mai ƙarfin kVA 500 yana shan kusan lita 100 na dizal a awa idan an cika masa lodi, kuma mai saye a kasuwar Dei-Dei ne zai biya a ƙarshe. Roƙonmu: a zauna da AEDC, kamfanin rarraba wutar lantarki na Abuja, a ware wa masana'antun layi nasu, kuma tun yanzu a tanadi hanyar janyo gas daga bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano (AKK) mai kilomita 614, tunda ya ratsa Abuja.

Sai filaye. Wasu an katange su shekara da shekaru, ba bulo ko ɗaya, ana jiran farashi ya tashi. Dokar filaye ta 1978 ta ba da ikon ƙwace filin da aka saɓa sharaɗinsa. A sa wa'adi, a kuma cika shi.

Hanyoyin ciki kuwa, magudanar ruwa za a fara yi kafin kwalta. Ruwa in ya kwanta a ƙarƙashi, tirela mai tan 30 ba ta buƙatar damina biyu ta farfasa titi.

Allah ya taya riƙo.

Daga wasu injiniyoyi da masu masana'antu na Idu.