Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Minista Hannatu Musawa: Riyal Ɗinmu Na Hannu, Ina Za Mu Biya?

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, Hajiya Ministar Fasaha da Al'adu.

Daga Makka nake rubuto miki, daga wani lungu a bayan Shari'a Mansur, inda in mutum ya rufe ido ya saurari masu tuwo da masu fura sai ya rantse a Fagge yake. Shekarata 16 a nan ina ɗinki. Bari in fara da tona wa kaina asiri: wayata cike take da fina-finan Hausa da littattafai, waɗanda na biya masu su kuwa ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. A wurin doka ni ma ina cikin masu cin kayan sata. Ba wanke kaina na zo yi ba, so nake ki ji yadda aka yi muka zama haka.

Da can alhazai da masu Umra ke zuwar mana da kaset, daga baya faifai, waɗanda suka saya a Ƙofar Wambai. Ko ba komai an biya kuɗin faifan sau ɗaya kafin ya zaga gidaje goma. Yanzu yaro mai shagon waya zai cika miki memori a kan riyal biyar, shi kuma daga wani zauren Telegram ya kwaso, wanda bai san ko wane ne ya buɗe shi ba. Wanda ya sayar da fili ya shirya fim ɗin, ko kwabo ba ya gani.

Kada ki ɗauka nishaɗi kawai muke nema. 'Ya'yana uku a nan aka haife su, Hausarsu rabi Larabci ce, komai "yalla", komai "khalas". Autata a fim ta fara jin kalmar "kunya" a inda ya dace a faɗe ta, a fim ta ga yadda ake durƙusa wa suruka. Abin da ke riƙe mana harshe a bakin yara ke nan, kuma ta hannun ɓarayi yake iso mana.

Na gwada bin hanyar gaskiya, har sau biyu. Wata marubuciya ta sa littafinta naira dubu ɗaya, ta ba da lambar asusu. Katin bankina na nan ba ya tura kuɗi can, mai canji kuma ya yi min dariya, ya ce ladansa ya fi kuɗin littafin. Sai da na roƙi ƙanwata a Kano ta biya, aka sa ni a zauren WhatsApp. Muna tsakiyar labari, an kai inda amarya za ta tare, sai shiru. Wata uku ba shafi ko ɗaya, daga baya lambar ma ta daina shiga. Kowa ya ci ladan kuturu ai ya yi masa aski, amma mu wa za mu kai wa ƙara? Na biyun wata manhaja ce ta kallon fina-finai. Da ƙyar kuɗin wata ya shiga, ina buɗewa aka ce ba a nuna wannan a ƙasar da nake. Kuɗin bai dawo ba. A nan Saudiyya akwai dokar ciniki ta intanet tun 2019, akwai lambar 1900 ta Ma'aikatar Kasuwanci da ake kai koke, amma mai sayarwar ba a nan yake ba. A gida akwai hukumar kare haƙƙin masu saye da dokar 2018 ta kafa, amma ni ba a can nake ba. Na faɗa tsakani. Daren ranar na koma wurin yaron memori.

Muna yawan musu a kan wannan in an haɗu wurin suna ko walima. Akwai wata dattijuwa, Bakatsiniya irinki, da ke cewa ilimi ba a ɓoye shi, wanda ya tura wa ɗan'uwansa littafi ko karatun malami sadaka ya yi. Ina ganin girmanta, amma ban yarda ba. Cibiyar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, wadda hedikwatarta ke nan Jidda kusa da mu, ta yanke tun zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kiyaye, bai halatta a keta shi ba. Malamin da ya ce a yaɗa karatunsa kyauta, wannan kyautarsa ce. Yarinyar da ta kwana tana buga labari da babban yatsa a waya, tana jiran a kawo wuta ta yi caji, ba ta yi wa kowa wannan kyauta ba. Shi ya sa za ki ga saman kowane shafi an rubuta "duk wadda ta fitar min da littafi ban yafe ba". Wannan Allah ya isa ita ce kaɗai dokar da ta sani. Washegari kuma sai ta tarar wani yana karanta littafin a YouTube da muryarsa, yana karɓar kuɗin talla.

Ke lauya ce, kin fi ni sanin cewa ba dokar ce babu ba. Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka a watan Maris na 2023, ta maye gurbin wadda ta samo asali tun 1988, kuma a cikinta akwai hanyar da mai haƙƙi zai sa a sauke aikinsa daga shafin da ya sata. Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Berne a 1993, Saudiyya ta shiga a 2004, ma'ana littafin da aka rubuta a Gwammaja yana da kariya a Makka ko ba a yi masa rajista a nan ba. Dokar Saudiyya ta shekarar Hijira 1424 ta tanadi tarar da ta kai riyal 250,000 da ɗaurin da ya kai wata shida, kuma suna da hukuma ta musamman da ke rufe shafukan satar fasaha. Duk wannan na kwance a takarda da Turanci da Larabci. Marubutanmu nawa ne aka taɓa yi wa bayaninsa da Hausa?

Amma ina tsoron a ɗauki maganata a juya ta ta zama kame. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu a nan mun ga misali da idonmu. A 2017, da aka samu saɓani da Ƙatar, aka rufe tashar beIN mai nuna ƙwallo. Ba a yi nisa ba sai ga beoutQ, tana kwaso wasannin tana watsawa, akwatinta ya cika gidaje, har magana ta kai gaban Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya da ta yi hukunci a 2020. Masu kallon nan da biya suke yi. Ƙofa aka rufe musu suka bi ta taga. Mu Hausawan waje tamu ƙofar ba a ma taɓa gina ta ba.

Na san Hukumar Haƙƙin Mallaka a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a take, ba taki ba. Amma tattalin arzikin masu fasaha a hannunki yake, kuma kasuwa ce nake nuna miki. Ki tara masu shirya fina-finai da ƙungiyoyin marubuta da bankuna, a samar da wuri guda amintacce da mai riyal, ko mai sefa, ko mai fam ɗin Sudan zai biya kai tsaye, kuɗin ya isa ga mai aikin. A sa sharaɗi kuma: wanda ya karɓi kuɗin littafi ya ƙarasa shi ko ya mayar, manhajar da ba ta aiki a wata ƙasa ta faɗa kafin ta cire kuɗi. Masu buɗe zauruka suna tara dubban mabiya da gumin wasu, su ne za a bi, kuma ofishin jakadancinmu na Jidda zai iya miƙa irin wannan koke ga hukumar nan in an ba shi aikin. Tun 2018 aka sake buɗe gidajen sinima a ƙasar nan, ana nuna na Indiya da na Masar a Jidda. In aka kawo namu ko na mako guda ne bayan sallah, ni zan ɗinka wa 'yan gidanmu anko mu hau mota mu je.

Ranar da aka buɗe inda zan biya, zan goge abin da ke wayata in sake saye. Kafin nan akwai marubuta huɗu da nake ajiye wa haƙƙinsu a cikin gwangwanin zare, ban san ta inda zan aika musu ba.

Allah ya yi miki jagora. Wassalam.

Taki,
Wata maɗinkiya 'yar Kano, mazauniyar Makka