Masu yi wa rediyo jana'iza su ɗan dakata tukuna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita don Allah a ɗan ara mini fili a wannan jarida mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wai shin rediyo zai kai labari kuwa a wannan zamani da kowa ke yawo da waƙoƙin duniya a aljihu. Kullum sai ka ji wani ya ce ai rediyo ya mutu saura binnewa, in ka tambaye shi dalili sai ya ɗaga maka waya ya ce ga Spotify ga Audiomack ga Boomplay ga YouTube, me zai yi da wani akwati mai shuuu. To ni dai ina ganin an haɗa abu biyu ne an yi musu hukunci ɗaya, shi ya sa lissafin ke fitowa a karkace.

Maganar waƙa kam, a gaskiya rediyo ya sha kaye kuma babu wani ɗaukaka ƙara, gara ma masu gidajen rediyo su haƙura su karɓi wannan. Tun da Napster ya fito a 1999 mutane suka ɗanɗana saukar da waƙa daga intanet, Apple ya kawo iPod, 'yar na'urar sauraron waƙa ta aljihu, a 2001, YouTube ya zo a 2005, sannan Spotify ya fara aiki daga Suwidin a 2008, shi kenan magana ta ƙare. A da in kana son wata waƙa sai ka kasa kunne ka jira ranar da mai gabatarwa ya ga dama ya saka ta, wasu har kaset suke tanada yatsa na kan maɓalli, ana sakowa su danna, shi kuma bawan Allah sai ya tsoma baki a tsakiyar waƙar yana gaishe-gaishe ya ɓata maka ɗauka. Yanzu wa zai yi wannan jiran? Yaro ɗan shekara 15 in waƙa ta faɗo masa a rai kafin ka ƙifta ido ya kunna ta, ya maimaita sau goma in ya so, babu mai ce masa kanzil. Duk tashar da ke ganin za ta riƙe wannan yaron da jera waƙoƙi daga safe har dare wallahi tana ɓata man janareta ne kawai.

Amma fa wannan ba shi ne karo na farko da aka haƙa wa rediyo kabari ba. Lokacin da talabijin ya mamaye gidaje a Amurka a shekarun 1950, ya kwashe wasannin kwaikwayo da manyan taurari da masu talla, iyalin da a da suke zagaye akwatin rediyo da daddare suka juya kujerunsu suka fuskanci allo, kowa ya ce to an gama. Abin da ya faru shi ne rediyo ya bar falo ya koma mota da kicin da wurin aiki, sai kuma ga ƙaramin rediyo mai taransisto ya shigo kasuwa a 1954, wanda ake sa wa batir a saka a aljihu. Daga nan yanayin sauraro ya canza gaba ɗaya, ya tashi daga abin da ake zama a fuskanta ya koma abokin tafiya, kana tuƙi yana magana, kana ɗinki ko wanki ko gadi cikin dare yana magana, hannunka da idonka suna kan aikinka kunne kawai ka ba shi. Wannan ɗabi'ar har yau tana nan, kuma ita ce masu cewa ya mutu ba sa lissafawa, don su a ganinsu sai wanda ya zauna ya rungume akwati shi ne mai sauraro.

Sannan akwai yadda abin yake aiki, wanda mutane da yawa ba sa tsayawa su duba. Gidan rediyo injin watsa shiri ɗaya yake kunnawa, ko mutum goma ne suka kama ko miliyan goma kuɗin da ya kashe ɗaya ne, kuma mai sauraro ba ya biyan ko sisi bayan kuɗin batir. Ita kuwa intanet kowane mai sauraro layinsa daban ake ja masa, kowa da datarsa. Sauti mai matsakaicin kyau, irin na kilobit 128 a daƙiƙa, yana cin wajen megabait 57 a awa ɗaya, to ka lissafa wanda ke barin abu a kunne awa shida ko bakwai a wurin sana'a kullum, a wata ya zarce gigabait 10 kan sauraro kawai, bai buɗe WhatsApp ba bai kalli bidiyo ko ɗaya ba. Ga caji, ga sabis da sai ya ga dama. Kuma rediyo bai san waye kai ba, ba ya neman lambarka ko imel, ba ya ajiye tarihin abin da ka ji jiya don a sayar wa masu talla, wannan ma a wurina ba ƙaramin abu ba ne ko da yake na san yawancin mutane ko a jikinsu.

Ranar da abubuwa suka rikice ne ake gane haka. A 28 ga Afrilun 2025 wuta ta ɗauke a kusan duk faɗin Sifaniya da Fotugal, ƙasashen Turai fa, sabis ɗin waya ya bi bayanta, intanet ta tsaya, sai ga mutane sun yi layi a shaguna suna neman rediyo mai batir, wasu sun taru a titi sun zagaye motar da aka kunna rediyo don su ji me ke faruwa. A Maris ɗin 2022, jim kaɗan bayan yaƙin Yukiren ya ɓarke, BBC sai da ta koma watsa labarai ta gajeren zango zuwa yankin, abin da ake ta yi wa kallon kayan tarihi. Haka a 2023 da faɗa ya tashi a Sudan ta buɗe shirin rediyo na gaggawa da Larabci, alhali a watan Janairun shekarar nan ne ta rufe rediyon sashen Larabcin nata bayan shekara 85 yana aiki, wai don a koma dijital. Wata huɗu ma ba a cika ba aka dawo ana neman abin da aka yar. Da tsohuwar zuma ake magani dai.

Sai dai ba na so a ɗauka rediyo na ranar masifa ne kawai kamar fitilar ajiya, don abin da ya fi riƙe mutane shi ne murya. Mutum ne mai rai a can ɗaya ɓangaren, yanzu-yanzu yake magana, ya san ƙarfe nawa, ya san an yi ruwa ko ba a yi ba, zai yi tuntuɓen harshe ya yi dariya, wani zai bugo waya ya yi masa gardama kai kuma kana nan kana cewa a'a ba haka ba ne kamar suna jin ka. Kuma ka san ba kai kaɗai ke ji ba, dubbai na ji tare da kai a wannan daƙiƙar, gobe in an haɗu akwai abin tattaunawa. Manhajar waƙa ba ta da wannan, ita lissafi take yi, ta ga ka ji kaza sai ta ƙaro maka mai kama da kaza, gobe ma haka, har ka wayi gari kana zagaye a wuri ɗaya, duk waƙoƙin miliyoyin nan da ake taƙama da su ƙwaya talatin kake juyawa. Kuma wani lokacin mutum ya gaji ne, ba ya son a tambaye shi me yake so, so yake wani ya zaɓa masa.

Su kansu kamfanonin sun fi kowa sanin haka. Da Apple ya ƙaddamar da Apple Music a 2015, da me ya haɗa shi? Da tashar rediyo ta kai tsaye mai suna Beats 1, har ya ɗauko mai gabatarwa Zane Lowe daga BBC Radio 1 ya ba shi makirfo. Spotify kuma a 2023 ya fito da wani DJ na ƙirƙirarriyar basira, muryar na'ura da ke ɗan yi maka surutu tsakanin waƙa da waƙa don ka ji kamar da mutum. To in gawa ce, me ya sa masu kuɗin duniya ke kashe dukiya suna kwaikwayon tafiyarta?

Inda nake jin tsoro daban ne Malam Edita, kuma a nan ne nake so masu abin su saurara. Gidajen rediyo da yawa da hannunsu suke yanka kansu. Don a rage kashe kuɗi sai a sallami ƙwararrun masu gabatarwa, a loda wa kwamfuta waƙoƙi ta yi ta juyawa, wato sun zama Spotify ke nan amma mara kyau, wanda ba ka iya tsallake waƙa kuma ga talla. Tallar ma a jera maka takwas ko goma a jere, wata a maimaita ta sau biyu a zango ɗaya, kafin a dawo ka manta ma me ake tattaunawa. Wasu kuma sun sayar da awoyinsu kaf, duk mai kuɗi ya zo ya sayi fili ya faɗi abin da ya ga dama, mai maganin da ke warkar da cuta arba'in, ɗan siyasa da 'yan korensa, babu mai tacewa babu mai tambaya. Amanar da mutane suka ba rediyo ita ce jarinsa, kuma ba wasa ba ce, duniya ta ga yadda tashar RTLM ta ingiza kisan kiyashi a Ruwanda a 1994 da aka mayar da makirfo makami. In mai sauraro ya fara jin cewa muryar nan da ya saba da ita ta zama ta haya, zai kashe ne ya koma wayarsa, kuma ba Spotify ne ya kore shi ba.

Ɗaya abin kuma shi ne ana ɗauke na'urar kamawar a hankali ba tare da an yi shawara da kowa ba. iPhone ba ya kama FM, manyan wayoyi masu tsada da yawa ma sun daina, tun da aka cire ramin iyafis, don wayar iyafis ɗin ita ce eriya. Ƙananan wayoyi irin su Tecno da Itel ne har yanzu suke riƙe da shi, Allah Ya saka musu. A motoci masu lantarki kamfanoni irin su Tesla da BMW da Volvo sun cire zangon AM, suna cewa injin lantarkin na sa shi ƙara, Ford ma ya yi niyya sai da 'yan majalisar Amurka suka taso a 2023 suna cewa ta nan ake sanar da jama'a in bala'i ya auku, sannan ya janye. Norwe kuwa a 2017 ta zama ƙasa ta farko da ta kashe FM na manyan tashoshinta na ƙasa ta koma tsarin rediyon dijital na DAB, duk mai tsohon akwati ko tsohuwar mota sai ya sayi sabo ko ya sa adafta. Su suna da hali, sun iya. Amma kar wata ƙasa da talakanta ke lallaɓa batir biyu su kai shi mako ta ce za ta kwaikwayi wannan don a ce ta waye.

Yaran da ke tasowa su ne abin dubawa. Wanda ya girma a gidan da rediyo ke kunne tun asuba, ko ya yi yawonsa a manhajoji zai dawo wata rana, musamman in girma ya zo ya fara damuwa da labarai da farashin kaya da wa ya ci zaɓe. Wanda kuwa bai taɓa murɗa akwati yana neman tasha ba, ba shi da inda zai dawo. Shi ya sa ban ga laifin tashoshin da ke saka shirinsu kai tsaye a Facebook da YouTube ba, ko su yanka shi gutsi-gutsi su watsa a TikTok, ko su ajiye shi a matsayin fodkas wanda bai samu ji da safe ba ya ji da dare. Wasu 'yan gargajiya na cewa ai wannan ba rediyo ba ne, ni kuma na ce in dai mutum ne ke magana da mutane a kan abin da ya dame su yau, ta eriya ya zo ko ta data duk ɗaya ne a wurina, sharaɗin kawai kar a rufe eriyar saboda an samu data.

Mawaƙa ma, musamman masu tasowa, su yi hattara da raina rediyo. Daga 2024 Spotify ya daina biyan ko kwabo kan waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 a shekara ba, kuma a cikin tarin waƙoƙin da ake lodawa kullum wa zai gano ka in babu wanda ya nuna ka? Mai gabatarwa ɗaya da mutane suka yarda da kunnensa in ya ce ku ji wannan yaron, ya fi maka dogon jerin da na'ura ta haɗa. Da sharaɗin shi ma ba sai an cusa masa wani abu a aljihu ba, don wannan cutar tsohuwa ce, tun 1959 majalisar Amurka ta binciki masu karɓar na goro kafin su saka faifai.

Roƙona ga hukumomin da ke ba da lasisi shi ne su sa ido kan yawan mintunan talla a awa da kuma masu sayen fili suna tallar magani, su kuma matsa wa masu shigo da waya da mota kar a cire FM. Ku kuma 'yan jarida, 13 ga Fabrairu ce Ranar Rediyo ta Duniya da UNESCO ta ware tun 2011, in ta zagayo don Allah a wuce hoton yanka kek da jawabin shugaban tasha, a fita a tambayi direbobi da teloli da masu gadi da matan gida da ɗalibai me suke ji, ƙarfe nawa, a kan wace na'ura, kuma wane shiri ne ya sa suka daina kunnawa. Ku buga mana amsoshin mu gani.

Na gode da ba ni wannan dama, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatu kuma mai sauraro